Tambayi Likita: Ciki ya kumbura, bayan gida ya ƙi, ga zazzaɓi

TAMBAYA: Salamu alaikum likita, ni mace ce daga Tahoua, yau kwana shida ke nan cikina ya kumbura kamar ganga, kwana huɗu ban zaga ba, kuma kullum da marece jikina sai ya ɗau zafi kaina na sara, na sayi maganin palu (zazzaɓin cizon sauro) wajen mai tebur na sha ba sauƙi, uwar mijina ta jiƙa min tsamiya ita ma shiru, wasu na cewa basir ne wasu shawara, don Allah mi ke damuna?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Da kumburin ne kawai da rashin zagawa da ban damu sosai ba, don yawanci ƙarancin shan ruwa ne, balle lokacin zafi, ko cin shinkafa da burodi kullum ba ganye, ko ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu ciki, tramol ma yana ɗaure ciki. Irin wannan ɗaurewar cikin, shan ruwa da cin kopto (kwaɗon zogale) da miyar kuɓewa suna warware ta.

Amma zazzaɓin nan na kwana shida shi ya tsaya min a rai. Abin da na fara tunani tifoyid ne, ƙwayar cutar Salmonella ke kawo shi ta ruwa ko abincin da ya gurɓata, ruwan ga-ruwa da ba a tafasa ba ko salati da ba a wanke da kyau ba, yakan yi sati ɗaya zuwa biyu a jiki kafin ya nuna, zafin na hawa a hankali, kuma ga manya ya kan zo da ɗaurewar ciki, ba lalle sai zawo ba kamar yadda mutane ke zato. In aka bar shi ya kai sati na 3 yana iya huda hanji, daga nan sai operasiyon, shi ya sa nake jin ciwo in na ga mutum na ta jinya a gida. Yana iya zama palu ma wanda maganin tebur bai kashe ba, ko ciwon fitsari, ko apandisit in ciwon ya tare a ƙasan ciki gefen dama.

Daga nan ba zan iya ce miki ga wanda ke damunki ba, sai an taɓa cikin an yi analis. Gobe da safe ki je CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, a yi miki gwajin palu na yatsa, mintoci 15 zuwa 20 ya fito. Gwajin Widal da ake yi don gano tifoyid shi kaɗai yakan yi kuskure, wanda ake shuka jini a labo ya fi tabbas. Ki tafi da kwalin maganin da kika sha su gani.

In ko cikin ya yi tauri kamar katako, ko ko tusa ba ta fita, ko kina amai ba tsayawa, ko kin ga jini ko baƙin kashi, ko kina da juna biyu, kar ki jira gari ya waye, a kai ki CHR, wato babban asibitin Tahoua, cikin daren. Kafin nan ki bar maganin wankin ciki da jiƙe-jiƙe, in hanji ya toshe ƙara ɓata shi suke. Parasetamol da ruwa tafasasshe kawai, kuma kar ki sayi antibiyotik sai da ordonas, wato takardar likita.