Wasiƙar da ba ta da lambar gida

Jiya muna cikin ware wasiƙu ka ɗago wata ambulan ka ce, "Baba, wannan sunan mutum kawai aka rubuta da Yakasai, Kano. Ba titi, ba lambar gida. In na kasa gane gidan, ba sai in bar wa mai shagon bakin layi ba?" Ban amsa maka ba saboda buhun Kaduna na jiranmu. Yanzu jawo benci ka zauna.

Kafin komai, juya ambulan ɗin ka duba ko ta rajista ce. In da lambar rajista a jikinta, ba ta barin hannunka sai mai ita ya sa hannu a littafi, ko ya dangwala yatsa in ba ya rubutu. Ka tuna irin abin da ke zuwa gidan waya yanzu. Tun da salula ta shigo ƙasar nan a 2001, gaisuwar dangi ta koma can. Abin da ya rage mana shi ne takardar kotu, ta banki, shaidar kammala karatu, da kayan da aka aiko daga waje. Irin wannan in ta ɓata, wani ne zai kwana cikin baƙin ciki.

Lambar nan mai guda shida da kake ta haddacewa, 700001 ta babban gidan waya na Kano, 800001 ta Kaduna, iyakarta ta kawo buhu ofis. Daga nan sai ƙafarka da bakinka. A Sabon Gari aikin da sauƙi, tituna a miƙe, kowanne da sunansa. Cikin birni kuwa lungu ne ke haihuwar lungu, kuma mutane ake sani, ba lamba ba.

Ka fara da ƙofar gidan mai unguwa. In ba ya nan, nemi limamin masallacin layin ko mai shayi, don shi ya san wanda ya tare jiya da wanda ya tashi bara. Kada ka tsaya kan sunan da ke jikin takarda. Sau da yawa sunan makaranta ne, alhali duk unguwa da laƙabi ko sana'a suka san mutumin. Tambayi sunan mahaifi, tambayi inda yake aiki. Unguwa ɗaya sai ka tarar da masu suna iri ɗaya sun kai biyar.

In ka gane gidan, tsaya a zaure ka yi sallama. Idan ta matar aure ce, ka ba wani ɗan gidan littafin ya shiga da shi ta sa hannu da kanta, ka jira ya fito. 'Yan zaman majalisa za su ce, "Daga ina?" Ka ce saƙo ne, ka wuce.

Batun mai shago kuwa, ni na taɓa yi. Ina sabon masinja, rana ta yi zafi, na bar wa wani mai kanti wasiƙar wani matashi, ya ce yanzun nan zai wuce. Ya ɗora gwangwanin madara a kai ya manta. Sai bayan mako uku aka gano ta, ashe takardar kiran ganawar ɗaukar aiki ce, ranar kuma ta wuce. Mahaifin yaron bai zage ni ba. Kallona kawai ya yi ya ce Allah ya kyauta, har yau ina jin wannan kallo.

Saboda haka in ka yi iyakar ƙoƙarinka ba ka samu mai ita ba, rubuta kwanan wata da dalili a bayan ambulan, ka dawo mini da ita. Za a sake gwadawa, in ta ƙi a mayar wa wanda ya aiko. Ta Yakasai ɗin nan kuma ka bari sai bayan la'asar, lokacin ne dattawa ke zama a waje.