Amsoshin tambayoyinku: wane kashi na Vince Gilligan ya cancanci kuɗinka da datarka?

Tambayoyin wannan makon duk sun taru ne a kan mutum ɗaya, Vince Gilligan, marubucin nan ɗan Amurka da ya ƙirƙiro fim mai dogon zango Breaking Bad, wanda kafin nan ya shafe shekaru yana rubuta wa The X-Files labari. Ga waɗanda muka zaɓo.

Tambaya daga Kano: "Na duba IMDb na ga kashin da ya fi kowanne maki a Breaking Bad shi ne Ozymandias, sai Felina da Face Off. Ba ni da lokacin kallon fim ɗin gaba ɗaya. In sauke waɗannan ukun kawai?"

Malam, kada ka yi haka, za ka yi asarar data ka kuma ɓata wa kanka labarin.

Da farko dai, Ozymandias ba Gilligan ne ya rubuta shi ba. Moira Walley-Beckett ce ta rubuta, Rian Johnson ya ba da umarni, kuma ita aka ba lambar yabo ta Emmy a 2014 saboda wannan rubutun. Mutane da yawa na ɗauka duk kashin da ke cikin fim mai dogon zango na wanda ya ƙirƙiro shi ne. A Amurka ba haka ake aiki ba: marubuta kan zauna a ɗaki ɗaya su tsara zango baki ɗaya, sannan a raba wa kowa kashin da zai rubuta. In kana son sanin mai kashi, ka duba sunayen da ke fitowa a ƙasan allo cikin mintunan farko, na marubuci yana zuwa ne gab da na darakta. Face Off, ƙarshen zango na 4 da aka nuna a Oktoban 2011, da Felina, ƙarshen fim ɗin duka a ranar 29 ga Satumban 2013, waɗannan kam nasa ne, shi ya rubuta shi ya ba da umarni.

Abu na biyu shi ne yadda makin yake samuwa a IMDb, shafin intanet na bayanan fina-finai. Masu kallo ne ke bayarwa, daga 1 zuwa 10. Wanda ya kai Ozymandias, kashi na 60 cikin 62, ai masoyin fim ɗin ne, wanda bai ji daɗinsa ba tuni ya watsar tun zangon farko. Sannan abin da ya girgiza su a Face Off ya samo asali ne daga gabar da aka daɗe ana ginawa tsakanin Walter White, jarumin fim ɗin, da Gus Fring, babban dillalin ƙwaya, da wani tsoho da ke kan keken guragu, ba ya magana sai dai ya buga ƙararrawa da yatsa. Wanda bai san tarihin wannan tsohon ba, zai ga abin da ya faru amma ba zai ji komai a ransa ba.

Shawararmu: ka gwada kashi uku na farkon zango na 1, dukkansu rubutun Gilligan ne, ba su kai awa uku ba. Nan za ka ga Walter White, malamin kimiyyar sinadarai a garin Albuquerque, ɗan shekara 50, da aka ce masa yana da sankarar huhu, ya haɗa kai da tsohon ɗalibinsa suna dafa ƙwaya. A kashi na uku akwai wurin da wani mutum ke ɗaure a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, Walter ya ɗauko takarda ya raba ta biyu, yana rubuta dalilan sakinsa a gefe guda da dalilin kashe shi a ɗaya gefen. Ya kusa sakinsa ke nan sai ya kwaso fasasshen faranti daga kwandon shara, ya jera gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, ya tarar guda ɗaya mai tsini babu. Hannun Gilligan ke nan: ƙaramin abin gida ne ke yanke hukunci, ba dogon surutu ba. In wannan wurin bai kama ka ba, ka haƙura da fim ɗin, ba ka yi asarar komai ba.

Tambaya daga Zariya: "Ni labarin da zai ƙare a zama ɗaya nake so. Akwai irinsa a aikinsa?"

Akwai, 'yar'uwa, a The X-Files. Yawancin kashin da ya rubuta a can kowanne da kansa yake tsaye, minti 45 ko ƙasa da haka. Abin da kike buƙatar sani kawai shi ne Mulder da Scully jami'an FBI ne, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, shi mai saurin yarda da abin al'ajabi, ita likita ce mai neman hujja.

Ki fara da Pusher, zango na 3, na 1996: wani makashi ne da ke iya juya tunanin mutum da magana kawai, har ya sa shi ya cutar da kansa, ga shi kuma kotu ta rasa yadda za ta kama shi da laifi. Daga nan sai Paper Hearts a zango na 4, wanda a ganinmu shi ne mafi ƙarfi a cikinsu ta fuskar binciken laifi. Wani fursuna ne da ya kashe ƙananan yara mata, yana yanke ƙyalle mai siffar zuciya daga rigar barcin kowacce. Ya amsa laifin 13, sai aka gano ƙyallaye 16. Labarin yana da nauyi, mai raunin zuciya a kan abin da ya shafi yara gara ta tsallake shi. Sai Drive, kashi na biyu a zango na 6, na 1998, inda wani mutum ya tilasta wa Mulder ya yi ta sharara gudu da mota zuwa yamma, don in suka tsaya ciwon da ke cikin kunnensa zai hallaka shi. Bryan Cranston ne ya fito a wannan mutumin, mai baƙin hali amma mai ban tausayi, kuma wannan rawar ce ta sa Gilligan ya nemo shi ya zama Walter White bayan kusan shekara goma.

Za ki ga Bad Blood na zango na 5 da maki mai yawa. Na barkwanci ne, ba na tashin hankali ba, kada makin ya ruɗe ki in abin faɗuwar gaba kike nema. In faifai za ki saya, zango na 3 da 4 da 6 sun wadatar.

Tambaya daga Maraɗi: "Wanne ya fi, in biya Netflix, in sayi faifai, ko in kai waya a tura mini?"

Mu fara da lissafi. Breaking Bad kashi 62 ne, kowanne wajen minti 47, jimilla kusan awa 49. Netflix ta ce ƙaramin saiti yana cin har gigabait 0.3 a awa, matsakaici 0.7, hoto mai kyau na HD kuma har 3. Ke nan fim ɗin duka zai ci kimanin gigabait 15, ko 34, ko ya doshi 150. A waya matsakaicin ya isa. Kada ka bar saitin a kan zaɓin kansa, don da zarar sabis ya yi ƙarfi zai haura da kansa ya zuƙe datar. Ka shiga saitin asusunka ka tsayar da shi, sannan ka riƙa saukewa lokacin garaɓasar dare ko inda akwai wifi, ka kalla daga baya. Kafin ka biya kuɗin wata, ka sa wani mai asusu a ƙasarku ya binciko maka sunan fim ɗin, domin abin da ke akwai a wata ƙasa ba lallai ya kasance a wata ba, kuma jerin yana canjawa.

Faifan asali yana da tasa matsalar, wato kullen yanki. DVD na Amurka yanki na 1 ne, na Turai na 2, Nijar da Najeriya kuwa suna cikin na 5. Sai ka tabbata na'urarka mai karanta kowane yanki ce. A Blu-ray abin ya fi sauƙi, Turai da Afirka duk yankin B ne, don haka ka nemi bugun Ingila ko na Faransa. Na Faransa yakan zo da fassarar Faransanci, wanda zai yi wa mutanen Nijar amfani.

Faifan kasuwa da aka cusa zango biyar a ciki, da wanda ake turawa a waya, ban da kasancewarsu satar fasaha, ga inda suke cutar mai kallo. Faifan DVD na yau da kullum gigabait 4.7 yake ɗauka, an yi shi ne don fim na awa biyu. In aka matse awa goma ko fiye a ciki, wuraren duhu ne ke fara lalacewa, su koma dabbare-dabbaren baƙi, ga shi kuwa fim ɗin cike yake da dare da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. Mafi muni, sau da yawa rubutun fassara na ƙasan allo ba ya biyo su. A zango na 3 da na 4 akwai dogayen wurare da 'yan ƙungiyar ƙwaya ta Meziko ke magana da Sifaniyanci, kuma a cikinsu aka bayyana tushen gabar Gus Fring. In an ba ka kwafi, ka buɗe kashi na takwas na zango na 4, ka matsa zuwa ƙarshensa ka gani ko rubutun yana fitowa.

Tambaya daga Kaduna: "Better Call Saul ya faru ne kafin Breaking Bad. Da shi zan fara? Kuma za a iya kallo a falo da yara?"

Ka bi yadda aka fitar da su: Breaking Bad na 2008 zuwa 2013, sai fim ɗin El Camino na 2019 da ya ɗora daga inda Felina ya tsaya, sannan Better Call Saul na 2015 zuwa 2022, kashi 63, wanda Gilligan ya ƙirƙira tare da Peter Gould. Dalili shi ne wuraren da aka ɗauka baƙi da fari a cikinsa sun faru ne bayan Breaking Bad, kuma tun a mintunan farko na kashin farko suke tona yadda wancan ya ƙare wa Saul, lauyan Walter White. Waterworks, na kusa da ƙarshe, Gilligan ne ya rubuta ya kuma ba da umarni, na ƙarshen kuwa Gould ne.

Batun yara, a'a, Alhaji. A kashi na biyu ma an narkar da gawa da sinadari a bahon wanka, a farkon zango na 4 an yanka mutum a gaban kyamara, ga shan ƙwaya da wasu wuraren da ba su dace da idon yaro ba. In wayarka ko talabijin ɗin falo na shiga hannunsu, ka sa wa sashenka na Netflix lambar sirri mai lamba huɗu, ka buɗe musu nasu sashen na yara daban.