Dalilin da Ya Sa Ba a Ƙunsa Aiki a Kwamfutarka

Ɗana, jiya da yamma ka zo ka same ni kana cewa aikin da ka gina da UiPath, manhajar da ke sa kwamfuta ta yi ayyuka da kanta, yana tafiya lafiya lau a kwamfutarka, amma Jenkins, wanda ke haɗa aiki ya ƙunsa shi da kansa, ya ƙi haɗa shi, saboda haka kana neman izini ka ƙunsa shi da hannunka a cikin Studio, inda kake gina aikin, ka ɗora wa Orchestrator, mai rarraba aiki ga injina, kai tsaye. Na ce maka a'a ban faɗi dalili ba domin a lokacin hankalina yana wani wuri, to ga dalilin yanzu.

Ƙin da Jenkins ya yi ba cikas ba ne, aikinsa ke nan. Kwamfutarka ta shekara biyu tana tara kaya: manhajojin da ka sauke ka manta, fayilolin da ka ajiye a wata kusurwa, da saitin da ka gyara wata rana da dare ba ka rubuta ko'ina ba. Ita kuwa uwar garken da ke haɗa aiki, wato kwamfutar da Jenkins ke gudana a kanta, ba ta san komai ba sai abin da ka zuba a rumbun Git, ma'ajiyar aikin da tarihin canje-canjensa, kuma da shi kaɗai take farawa a kowane zagaye. Idan ta kasa, ma'anarsa akwai wani abu da aikinka ya dogara da shi wanda ba ya cikin rumbun, kuma ranar da aka kai aikin injin abokin ciniki haka zai tsaya a can. Ka buɗe fayil ɗin project.json ka duba jerin kayan da aikin yake aro, ka gwada shi da abin da ke cikin kwamfutarka. Ina kyautata zaton a nan za ka ga ɓarakar.

Da zarar ka gano ta, sai ka ɗaure kowane kayan aro da lambar fitowarsa takamaimai, kada ka bar ƙofa a buɗe ga duk sabon da ya fito. A watan Maris na 2016 mai wata ƙaramar manhaja da ake kira left-pad, wadda ba ta wuce layi 11 ba, ya cire ta daga npm, rumbun da masu rubuta manhaja ke aron kaya daga cikinsa, nan take haɗin manyan ayyuka irin su Babel ya tsaya cik a faɗin duniya. Shi ya sa nake son mu riƙe kwafin kayan aronmu a rumbun ƙunsoshi na kanmu, ko da hakan zai ƙara mana ɗawainiya.

Abin da ya fi damuna a buƙatarka shi ne ƙunshin kansa. Ƙa'idar wannan sana'a ita ce a ƙunsa sau ɗaya. Layin haɗin zai ɗauko aikin daga Git, ya gudanar da gwaje-gwaje, ya naɗe shi cikin fayil ɗin nupkg guda, ya buga masa lamba, sa'an nan wannan ƙunshin, shi ɗin dai ba ɗan'uwansa ba, shi za a kai wurin gwaji, kuma shi za a kai wurin aiki na gaske idan ya ci jarrabawa. In ka sake ƙunsawa a tsakani, abin da aka gwada daban, abin da aka miƙa wa mutane daban, kuma babu wanda zai iya rantsuwa cewa ɗaya suke. Lambar ma ba ado ba ce. Idan ka ga 2.4.1, ta farko tana tashi ne in an yi canjin da zai karya tsohon amfani, ta tsakiya in an ƙara sabon abu, ta ƙarshe in an yi gyara. Ni nakan so a liƙa mata lambar zagayen haɗin, domin idan aka kira ni da tsakar dare in san daga wane canji ƙunshin ya fito ba tare da na tayar da kowa daga barci ba.

Kada ka ɗauka ɗora aiki da hannu ƙaramin ganganci ne. Ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45, bayan an sa sabuwar manhaja a uwar garke bakwai aka tsallake ta takwas.

Sai kuma kalmomin sirri. Na ga ɗaya a rubuce ƙarara cikin saitinka, kuma ƙunshi abu ne da kowa zai iya kwancewa ya karanta. Ka cire ta, ka ajiye ta a ma'ajiyar sirri ta Orchestrator, ka kuma sa a canza ta yau, tunda ta riga ta shiga tarihin Git kuma gogewa ba ta fitar da ita daga can.

Ka gyara project.json ɗin, ka tura, ka bar layin ya yi tafiyarsa. Idan ya sake tsayawa, ka kawo mini rahoton kuskuren tun daga layinsa na farko, kada ka yanko mini na ƙarshe kawai kamar yadda ka yi jiya.