Tambaya da Amsa: Randar da Ta Daina Sanyi

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi sabuwar randa a farkon bazarar nan, ruwanta sanyi ƙalau. Sai dai kullum bayanta a jiƙe yake, har ƙasan wurin yana laima, shi ya sa na sa aka shafe ta da siminti. Nason ya tsaya, amma sanyin ma ya tafi. Me ya haɗa su? Daga wata uwargida a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Wannan nason da kika toshe shi ne yake yi miki aikin sanyin.

Ruwa tarin ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin motsi suke. Abin da muke kira zafi ƙarfin wannan motsin ne. Wasu ƙwayoyin sun fi wasu gudu. Yumɓun da aka gasa yana da 'yan ƙofofi da ruwa ke bi a hankali ya fito bayan randa, a nan masu saurin gudun suke kuɓucewa su bi iska a matsayin tururi. Waɗanda suka rage marasa ƙarfi ne, sai jikin randar ya huce, ya riƙa jan zafi daga ruwan da ke ciki. Haka gumi yake yi wa jikin mutum.

Lissafin yana da daɗi. Kafin lita ɗaya ta ruwa ta zama tururi sai ta sha zafi kimanin kilojul 2,400 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne). Ruwa lita 20 kuwa, kilojul 84 kacal za a zare masa ya sauka da digiri ɗaya. Ke nan idan mililita 100 ta bushe a bayan randa, wato kashi ɗaya bisa biyar na ruwan leda, ta tafi da kilojul 240, wanda ya isa ya sauke lita 20 da kusan digiri uku. A zahiri ba ya kaiwa haka cif, domin iska mai zafi tana mayar wa randar da wani zafin. Saboda haka ne wurin ajiya yake da muhimmanci.

Yanayin Sakkwato ya dace da randa ƙwarai. A Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40, amma iskar busasshiya ce, tana ɗauke tururi nan da nan. A Agusta, da iska ta cika da danshi, randa mai kyau ma sanyinta raguwa yake, kada a ga laifinta. Da wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000.

Da wuya simintin ya fita ba tare da randar ta fashe ba. Ki naɗe ta da tsohon zanen auduga mai kauri, ki riƙa jiƙa shi safe da rana, zai yi aikin da yumɓun yake yi ko da bai kai shi ba. In za ki sayi wata, ki ƙwanƙwasa ta: lafiyayya tana ƙara tas, mai tsaga muryarta a dushe take. Naso yana jiƙa jiki duka, tsaga kuwa layi ɗaya ruwa yake bi yana ɗiga. Ki girke ta a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan yashi, ki rufe bakinta. Ki riƙa goge bayanta da soso da ruwa zalla, ban da sabulu ko mai, domin maiƙo da gishirin ruwan rijiya suna toshe ƙofofin. Da yawa daga cikin tsofaffin randunan da suka daina sanyi wannan ne ciwonsu.

Tambaya: Ɗakina na bulo ne da rufin kwano. Me ya sa bayan isha'i waje ya huce amma ciki yana nan da zafi, ko da fanka? Daga wani ɗalibi a Runjin Sambo.

Amsa: Malam, da rana kwano yana shan hasken rana ya watso zafinsa zuwa cikin ɗaki kai tsaye. Shi da yake siriri ne yana hucewa da wuri. Bulo ne mai riƙo: ya wuni yana tara zafi, da dare ya riƙa sakinsa cikin ɗaki, musamman bangon yamma da ya sha ranar la'asar. Fanka ba ta rage zafin iska, gumin jikinka take taimaka wa ya bushe.

Ka fara da silin, a bar 'yan ƙofofi tsakaninsa da kwano don iska mai zafi ta fice. Farin fenti a kan kwano yana mayar da hasken da yawa. Ka yi wa bangon yamma inuwa da rumfar zana. Tagogi a rufe da tsakar rana, a buɗe biyu masu fuskantar juna da zarar waje ya fi ciki sanyi, ka sa fankar tsaye a bakin ɗaya tana jawo iskar waje.