Wace Na'ura Zan Saya Ta Riƙe Mini Shafin Intanet?

Tambaya: Malam, ina so in buɗe ƙaramin shafin intanet da zan riƙa saka hotunan kayana da farashinsu, masu saye su aiko da oda. Masu leƙowa ba za su wuce ɗari uku a rana ba. An yi mini tayin tsohuwar saba, wato kwamfutar da ake ɗora shafin intanet a kanta, irin ta manyan kamfanoni, da araha. In karɓa?

Amsa: Alhaji, bar ta a inda take. Irin waɗannan an ƙera su ne don ɗakin sanyi da dubban mutane. Fankokinta kaɗai za su hana ka barci, ga cin wuta kamar gara.

Saba ba a kashe ta, dare da rana tana kunne, wato awa 8,760 a shekara. Na'urar da ke jan wat 100 za ta sha kilowat-awa 876 a shekara. Mai jan wat 10 kuwa ba ta kai 90 ba. Ɗauki takardar kuɗin wutarka ka ninka, za ka ga inda arahar ta tafi. Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, na wuta kuwa duk wata.

Da ni ne, ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu zan nema, irin su Lenovo ThinkCentre Tiny, Dell OptiPlex Micro ko HP EliteDesk Mini. Girmansu bai wuce littafi mai kauri ba, kuma idan ba aiki mai nauyi suke yi ba, wutar da suke ja ba ta da nisa da wat 10 ɗin nan. RAM, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, mai gigabait 8 ya ishe ka har da ragi. Ka sa mata Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, nau'in Debian ko Ubuntu, kyauta ne.

Za a ce maka Raspberry Pi, wata 'yar kwamfuta da ke kan allo ɗaya, ta fi sauƙi. Gaskiya ne ba ta cin wuta, kuma Pi 5 mai gigabait 4 ta fito a 2023 a kan dala 60. Amma wannan kuɗin allon ne tsirara. Kafin ka haɗa caja, akwati, fanka da ma'ajin bayanai, ka kusa kamo farashin waccan.

Inda ba na son ka yi ƙwauro shi ne ma'aji. Kada ka ɗora shafinka a kan katin memori, yawan rubutu yana gajiyar da shi, wata safiya sai ka tarar odar mutane ta tafi. Sayi sabon ma'aji nau'in SSD, ko da kwamfutar ta hannu ce, sannan ka riƙa kwafe komai zuwa wani wuri daban kowane dare. Ka haɗa da UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, don yankewar wuta ana cikin rubutu tana lalata bayanai. Tsohuwar laftof ma tana yi, tunda batirinta na jikinta.

Kafin ka fitar da ko sisi, tambayi kamfanin da ke ba ka intanet ko zai ba ka adireshin IP da mutanen waje za su iya riskar ka da shi. Da yawa suna cusa abokan ciniki masu yawa a bayan adireshi ɗaya. In haka naka yake, masu saye ba za su iya riskar shafinka ba, don haka hayar saba a intanet, wadda ƙananan ke kamawa wajen dala 5 a wata, ta fi maka kwanciyar hankali.