Tambayi Ungozoma: 'Yar ƙanena mai jego tana ɓoye maganinta

TAMBAYA

Assalamu alaikum Inna Ungozoma. 'Yar ƙanena ce, shekarunta 17, suna wurinmu tun da yaƙi ya tashe su daga garin Wad Madani a nan Sudan. Wajen awon ciki aka gaya mata tana ɗauke da ƙwayar cuta mai karya garkuwar jiki. Ta haifi namiji, jiya aka yi arba'in. Ni kaɗai ta gaya wa. Mijinta yana can wajen haƙar zinari, bai sani ba. Maganin a bakin zane take ƙulle shi, idan ɗaki ya cika da 'yan barka sai ta fasa sha. Tsohuwarmu ta matsa a riƙa ba yaron ruwa saboda zafi. Ni kuma ina ganin a cire shi daga nono kawai. Yaya zan yi?

Wata goggo, Gadarif

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya mana, ya ba mai jego lafiya.

Kada ki cire shi daga nono. Na san tsoron da ya sa kika yi wannan tunani, amma a garin da ya sha fama da kwalara a 2024, madarar gwangwani da ruwan da ba a tafasa ba sun fi saurin kai jariri kabari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan uwa ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne ke ɗaukar ƙwayar, a ciki ko wajen haihuwa ko a nono. Idan tana sha kullum, abin yana sauka ƙasa da 5. Ashe ba nonon ne abin damuwarki ba, kwanakin da take fasa shan maganin ne.

Nan ne aikinki. Maganin ƙwaya ɗaya ce a rana. Ki karɓi kwalbar ki adana a akwatinki, ku tsayar da lokacin da babu baƙi, misali bayan sallar asuba, ki kai mata tare da kunu. Wa zai tambayi goggo don ta shiga ɗakin mai jego da kwano a hannu? Yarinya 'yar shekara 17 da ke rainon ɗanta na fari a gidan da ba nata ba, ga barci ba ya isarta, ga sirri ya danne mata ƙirji, mantuwa da fargaba ba laifinta ba ne. Kada ki yi mata faɗa, kada kuma ki tambaye ta inda ta samo. Wasu da ita aka haife su, wasu a ɗakin aure suka same ta. A Afirka ta Kudu, inda cutar ta yi ƙamari ƙwarai, ƙungiyar mothers2mothers ta fara tun 2001 a Cape Town tana ɗaukar iyaye mata masu ɗauke da ƙwayar su zama abokan shawarar sababbin masu jego, domin an lura mace takan riƙe maganinta idan tana da wadda za ta buɗe wa ciki. Ki tambayi malaman asibiti ko akwai wata uwa irin wannan da za su haɗa su, in yarinyar ta yarda.

Batun ruwa kuwa, ki lallaɓi tsohuwa, ba sai kin tona komai ba. Ki ce mata likita ya hana, kowane jariri ma haka ake so. Nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba nonon akuya, ba jiƙo. Haɗa su da nono kan ɓata hanjin jariri, ƙwayar ta samu hanyar shiga. Uwar ce za ta yawaita shan ruwa. Bayan wata 6 a fara ba shi kunu, nono ya ci gaba akalla har shekara.

Arba'in ta zo daidai, don a wajen mako 6 ake yi wa jariri gwajin farko. Ku kai shi asibiti wannan makon, ku tafi da maganin ruwan da aka ba shi tun haihuwa su faɗa muku ko a tsayar ko a ci gaba, za su kuma fara ba shi Septrin, maganin da ke kare shi daga wasu cututtuka. In gwajin ya fito lafiya, ku gode wa Allah amma kada ku ɗauke ƙafa, akwai wani a wata 9, na ƙarshe kuma bayan yaye.

Ku ci kisra a akushi ɗaya, ku sha a moɗa ɗaya. Ba ta nan ake ɗauka ba, sauro ma ba ya yaɗa ta.

Mijin dole ya sani, ya kuma yi gwaji, amma ba ta waya ba, ba kuma daga bakinki ba. Idan ya dawo su je asibiti tare a yi musu bayani. Ke kika san halinsa: in mai saurin hannu ne, ki faɗa wa malamar asibiti tun kafin ranar. Su yi maganar tazarar haihuwa a zama ɗaya.

Da yake zama bai tabbata ba a ƙasar nan, ta roƙi a ba ta maganin wata 3 a lokaci guda in akwai. Katin asibitinta da na yaron su zauna cikin jakar da za a fara ɗauka, ki kuma ɗauki hotonsu a wayarki, saboda duk garin da kuka sauka a san wane magani take sha.