Amsa: Sharar da ke dawowa kwatar da ke zuba a Jakara

Malam, ka ce kun yi gayya kun yashe kwatar unguwarku da ke gangarawa rafin Jakara, amma ruwa biyu kawai aka yi ta sake toshewa. Ku koma can sama inda ruwan ke tasowa ku fara daga nan, ku biyo shi ƙasa. Aikin kuma a yi shi a watan Afrilu ko farkon Mayu, kafin damina ta kankama. A bakin kowace ƙaramar kwata ku kafa ragar rodi mai tazarar kamar santimita 5, ku ba gida biyu ko uku alhakin kwashe abin da ta tare bayan kowane ruwa. Ragar da ba mai kula da ita ta fi rashinta illa, don leda na liƙe ta, ruwa ya juya ya shiga gidaje.

Inda aka fi yin asarar wahala shi ne dagwalon da aka yaso a bar shi a gefen hanya. Kwana biyu ya ishe shi tsanewa, a na uku ya kamata mota ta ɗauke shi, in ba haka ba ruwan farko zai mayar da shi ciki. Don haka kada ku sa ranar gayya sai mai unguwa ya samo muku ranar da motar REMASAB, wato hukumar kwashe shara ta jihar Kano, za ta zo, kuma ku zauna da unguwar da ke samanku, domin shararsu ce ke sauko muku. Inda gaɓar kwatar ta ƙasa ce ba ta siminti ba, ku dasa ciyawar jema a jere, tazarar santimita 15, da zarar ƙasa ta jiƙa. Saiwarta na riƙe gaɓa sosai.